Gidan Ƙarshe na Layin Tamarindo

Layin Tamarindo gangare ne. Daga shagon aski da ke can sama yake saukowa a hankali, ya wuce 'yar ƙaramar majami'a, ya zo ya ci birki a gindin ganuwar da ta tare kogin Magdalena. Gidan ƙarshe, mai shuɗin fentin da ya koɗe daga ƙasa zuwa gwiwa, shi ne na Doña Ercilia Palomino da mijinta Nicanor. Doña kiran girmamawa ne ga mace, kamar Don ga namiji. Duk abin da ya gangaro a layin nan, ko ƙwallon yara ne, ko lemun da ya suɓuce daga kwando, ko mashayin da ya yi tatul, a ƙofarta yake tsayawa.

Bollo take yi na sayarwa. Takan niƙa ɗanyar masara, ta naɗe ƙullun cikin ɓawon masarar, ta dafa a babbar tukunya, kafin rana ta take an saye tas. Da wannan tukunya ta riƙe 'yarta Marelvis a makaranta har ta zama nas a babban birni. Nicanor kuwa kwalekwale mai inji ya yi shekaru yana tuƙawa, yana ƙetarar da mutane kogi, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga nan sai keken guragu. Magana ma sai ya yi ta jawo ta kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi, amma in ta iso bakin, da yajinta take fitowa.

Mutanen saman layi in sun ga hadari ya haɗo daga wajen kogi, shanya kawai suke kwashewa. Ercilia kuwa shirin yaƙi take yi. Ta ɗora tukwane a kan tebur, ta naɗe tabarma, ta cusa tsumma a rariyar banɗaki ta danne da buhun yashi, ta ɗaga ƙafafun Nicanor ta aza a kan kujera. Ba ta ƙofa ruwan ke shigo mata ba. Da ta ƙofa ne da sauƙi, ruwan sama ne, a share a shanya. Daga ƙasa yake ɓullowa. Da farko sai a ji masai yana ƙugi kamar cikin mai jin yunwa. Sai wari. Sai baƙin ruwa ya ture tsumman, ya ɗaga buhun, ya malalo tsakar ɗaki ɗauke da abin da baki ba ya son faɗa.

In ruwa ya janye ta duƙa gogewa da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta har hannuwanta su tsage. Ba wanda ya taɓa ce mata uffan, amma bayan kowace ambaliya sai ta ga masu sayen bollo suna tsallaka titi, suna gaishe ta daga nesa. Ba ta ga laifinsu ba. Ita ma ba za ta saya ba.

Marelvis ta sha kira a waya tana roƙo. "Mama, ku kulle gidan nan ku taho wajena. Lafiyar Baba fa?"

Nicanor yakan miƙo hannunsa mai lafiya a ba shi wayar. "Bene... da keke... jefo ni... za ku riƙa yi?"

Ercilia ta kai ƙara hukumar ruwa har masu gadin ƙofa sun san takunta. Akan turo mota mai dogon hanci ta zuƙe bututu ta tafi, damina ta gaba ruwa ya dawo kamar an gayyace shi. A ranta ta riga ta yanke hukunci: mutanen sama ne ke tura tsummoki da man suya cikin masai suna toshe hanya, ita kuma take ɗanɗana kuɗarsu.

Wata shekara, tsakiyar rani, lokacin da iskar teku ke kaɗa labule, wata farar mota ta tsaya daidai ƙofarta. Wata matashiya ta fito, doguwa, baƙa wuluk, kitso a ƙarƙashin hular kwano. Ta ce sunanta Yuleidis Cassiani, injiniya ce daga hukumar ruwa. A bayanta wani ƙaton mutum mai tumbi, Baldomero, shugaban ma'aikatanta, yana ɓamɓare murfin ƙarfen da ke tsakiyar titi yana waƙa.

Ercilia ta riƙe ƙugu. "Da rani kuka zo? Haba 'yata. Ai likita yakan zo ne lokacin da zazzaɓi ya tashi, ba bayan mai ciwo ya tashi ya yi wanka ba."

Yuleidis ta yi murmushi. "Ciwon yana nan, Doña, kwanciya ya yi. Zo ki gani da idonki."

Suka zura wata 'yar kyamara mai tayoyi da fitila cikin ramin, kamar motar wasan yara. A bayan motarsu akwai allon kallo. Kafin ka ce kwabo rabin layi ya taru. Ercilia ta turo Nicanor gaba, suka zuba ido suna kallon ƙarƙashin titin da suka yi rayuwarsu duka suna takawa.

Tsohon bututun yumɓu ne, an binne shi tun kafin a haifi Ercilia. Saiwoyi sun ratso suna reto kamar gemun tsoho. Amma abin da ya sa ta matso kusa shi ne ruwa. A kowace mahaɗa, inda bututu ya haɗu da ɗan'uwansa, ruwa ne ke tsartuwa ciki, garai-garai, yana ƙyalli a hasken fitila. An yi watanni ko yayyafi ba a yi ba.

"Wannan kuma daga ina?"

"Daga ƙasa. Kogi na nan bayan ganuwa, ƙasar unguwar nan jiƙe take kamar soso," in ji Yuleidis. "Bututun nan ba toshewa ya yi ba, Doña. An yi shi ne don ruwan banɗaki da na wanke-wanke, kuma ya ishe su har da saura. Amma dubi, ruwan ƙasa ya cinye rabin hanya tun kafin hadari ya haɗo. In aka kece da ruwa, na rufin gidaje ya ƙaru a kai, sai ya cika maƙil. Ƙazanta ta rasa wurin wucewa, sai ta nemi ƙofar da ta fi kowacce ƙasa."

"Tawa ke nan."

"Taki ke nan."

Ercilia ta sake duban allon. Shekara da shekaru tana tsine wa dattin maƙwabta, ashe ruwa mai tsabta ne ke korar ƙazanta zuwa ɗakinta. Kuma wannan ne karo na farko da wani daga hukuma ya tsaya ya nuna mata abin da ke cin ta, maimakon ya ce ta yi haƙuri.

"To na rufin gidaje ta ina yake shiga?" ta tambaya.

Baldomero ya shafa tumbinsa. "Wannan kuma, uwata, hayaƙi ne zai tona asiri. Hayaƙi ya fi matar mai aski gulma."

Sai da suka bi gida-gida suna gargaɗi: za a hura hayaƙi cikin bututu, ba gobara ba ce, ba ya cutarwa, kada kowa ya kira 'yan kwana-kwana. Da safiyar ranar suka ɗora wata babbar fanka a bakin rami, suka tayar da inji. Aka ɗan jima shiru. Sai ga farin hayaƙi yana tsatsowa ta tsagar kwalta, ta ramukan murfin ƙarfe, ta gindin bishiyar tsamiyar da layin ya ci sunanta. Ya fito ta ƙarƙashin akurkin kajin wata tsohuwa, kaji suka watse suna kyarkyara. Ya fito ta indararon mai aski, mai askin ya fito da reza a hannu, wanda ake wa aski ya biyo shi da kumfa a rabin fuska. Can sai ga shi yana tashi ta rufin majami'a, fari tas, ya miƙe sama.

Baldomero ya cire hula ya dafe ƙirji. "Jama'a, farin hayaƙi daga majami'a! Alamar naɗin Paparoma ke nan! An naɗa sabo a layin Tamarindo!"

Aka kwashe da dariya har mai kula da majami'ar, wanda ya fito zai yi faɗa. Yuleidis kuwa tana bi tana sa alamar fenti duk inda hayaƙi ya ɓullo. Inda hayaƙi ya samu hanyar fita, ta ce, nan ruwan sama ke samun hanyar shiga. Tun zamanin kakanni, duk wanda ya gaji da taɓo a tsakar gida sai ya sa magini ya haɗa masa indararo da bututun ƙazanta. Ba mugunta ba ce. Ba wanda ya taɓa tunanin inda ruwan ke ƙarewa.

Amma duk hayaƙin layin in an haɗa shi bai kai wanda ya turnuƙe daga gidan Don Temístocles Barraza ba.

Don Temístocles motocin haya ya yi a da, ba ɗaya ba, ba biyu ba, a tsakar gidansa yake ajiye su ƙarƙashin wata doguwar rumfar kwano. Da ya sayar da motocin sai ya sa aka malale filin da jan siminti, aka goge shi har mutum yana ganin fuskarsa. Wannan daɓe shi ne abin alfaharinsa. A kansa ake rawar bikin duk wani aure na layin, a kansa ake kafa manyan lasifikoki ranar Lahadi. A tsakiyarsa akwai rariya ɗaya mai murfin tagulla, kuma duk ruwan rumfar da na filin ita ke shanye shi. Ranar nan rariyar ta yi ta aman hayaƙi kamar wurin gashin kifi.

Sauran gidajen ba su ba da wahala ba. Aiki ne na yanke bututun indararo a juya bakinsa zuwa kwatar titi, wadda ke kai ruwan sama kogi ta hanyarta daban. Wasu ma suka ajiye durom suna tara na wanki. Ma'aikatan hukuma ne ke yi, mai gida nasa kawai ya buɗe ƙofa. Amma na Don Temístocles sai an fasa daɓen, an haƙa hanya tun daga tsakiya har bakin titi. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu.

Yuleidis ta zo ta zauna a dakalin Ercilia, ta cire hula, gumi na zuba. "Babban bututu namu ne, za mu gyara shi. Amma tsakar gidan mutum ba mu da ikon fasawa sai ya yarda, ko a bi ta kotu, wannan kuwa damina nawa za ta wuce. Rufinsa da filinsa sun kai na gidaje da yawa a haɗe. An ce min ku na kusa ne."

Na kusa ne kuwa. Shi ya riƙe Marelvis ranar baftismarta, shi ya sa suke kiran juna compadre da comadre, zumuncin da a wajenmu yakan fi na jini ƙarfi. Shi da Nicanor tare suka tashi, tare suka yi kamun kifi, tare suka yi neman aure. Amma tun da aka sallamo Nicanor daga asibiti sau ɗaya Temístocles ya sauko. Ya zauna yana murza hula, ya kasa haɗa ido da abokinsa, ya tashi ya tafi. Bayan haka sai dai aike: yau kifi, gobe ayaba. Nicanor bai taɓa magana a kai ba, amma ranar Lahadi in kiɗa ya tashi daga sama yakan ce a juya masa keke ya fuskanci bango.

Ercilia ta sa rigarta ta zuwa majami'a ta hau gangaren. Ya tarbe ta da mutunci, ya ba ta kujera mai lilo, ya zubo mata baƙin kofi.

"Comadre, kin san ba abin da za ki roƙa in hana ki. Amma ki duba daɓen nan. Ko tsaga ɗaya babu. A nan marigayiya matata Rosalba ta yi rawarta ta ƙarshe. Yarinyar da aka haifa jiya za ta zo da fanka ta ce in fasa?"

"Ka ga hayaƙin da idonka, compadre."

"Hayaƙi sama yake yi, ruwa ƙasa yake yi. Me ya haɗa kifi da kaska? Ruwa na Allah ne. Tun kafin a haifi uwar yarinyar nan yake sauka a rufina. A ce ruwana ne ke tafiya har ƙarshen layi ya shiga banɗakinki? Kai, comadre."

Ta shanye kofinta, ta yi godiya, ta miƙe. Sai da ta kai ƙofa ya yi gyaran murya.

"Yana... yana cin abinci dai?"

"Gangaren bai fi ƙarfin ƙafarka ba, compadre. Ka je ka tambaye shi."

Aikin babban bututu ya kankama kafin damina. Ercilia ta zaci za a farke titi ne daga sama har ƙasa, ta fara tunanin ta inda keken Nicanor zai bi. Ba a haƙa ko taku ɗaya ba. Wata doguwar aba mai laushi suka kawo a naɗe cikin mota, an jiƙa ta da wani irin gam mai warin fenti. Baldomero ya ce safa ce, za a sa wa tsoho safa. Suka zura ta ta wannan rami, iska ta tura ta har ta ɓullo ta wancan, ta manne a jikin tsohon bututu, sannan suka hura mata tururi har ta sandare ta zama sabon bututu a cikin tsoho. Suka shiga ramukan dubawa suka yaɓe bangonsu, suka sauya murfi masu huji da waɗanda ba sa shan ruwa.

Rana na dukansu, tururi na dukansu. Ercilia ba ta da abin ba su sai abin da ta iya. Kullum da hantsi ta fito da tulun ruwan mazarƙwaila da lemun tsami da ƙanƙara, da bollo mai zafi. Baldomero yakan ci uku a tsaye ya ce, "Uwata, da Don Nicanor zai yi min alfarma ya sake ki, da gobe an ɗaura."

"Ɗauke ta..." in ji Nicanor daga bakin ƙofa, "amma... da banɗakin."

Da aka sake zura kyamara, cikin bututun sumul, fari, ba ɗigo ko ɗaya daga gefe. Ercilia ta tafa hannu. Yuleidis ba ta tafa ba. Ta ɗaga kai ta dubi rumfar kwanon da ke sama.

Ita ce ta koma wajen Don Temístocles da wata gora ta koren rini. Ta ce ba gardama ta zo yi ba. In ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, ya bar ta ta zuba wannan a rariyarsa, shi ke nan. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Zuba, 'yata, zuba duka. In ya fito a gidan Nicanor, ni da hannuna zan ɗauki guduma."

Ruwan ya zo wata ranar Talata bayan azahar. Gari ya yi duhu, iska ta ɗauke, sai ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ercilia ta yi shirinta na kullum. Shiru ya fi na da tsawo, har ta fara sa rai. Sai masai ya yi ƙugi. Ta dafe bango ta rufe ido.

Ruwan ya taso a hankali, bai kai na da yawa ba, amma ya taso. Ya ture tsumman, ya malalo. Kuma kore ne. Kore shar, kamar ganyen ayaba sabon toho, yana kewaya tayoyin keken Nicanor.

Tana ƙoƙarin jan keken baya sai ƙofa ta buɗe. Yuleidis ce, jiƙe sharkaf, ta zo a kan babur cikin ruwan nan tun daga ofishinsu don kada ya ɗauke ba ta zuba rinin a rariyar can sama ba. A bayanta Don Temístocles riƙe da lema, fuskarsa ɗauke da murmushin wanda ya zo karɓar nasara. Ya tsaya a bakin ƙofa. Warin ya fara dukansa. Ya dubi ƙasa. Murmushin ya zube.

Nicanor ya ɗago kai ya daɗe yana kallonsa. Bakinsa ya yi ta motsi kafin maganar ta iso.

"Compadre... ka daɗe... ba ka zo ba." Ya numfasa. "Amma ruwanka... bai taɓa... fashi ba."

Ba wanda ya yi dariya sai Nicanor kansa, da rabin bakinsa mai aiki. Temístocles ya saki lemar. Ya shigo cikin ruwan da takalmansa na fata, bai ko naɗe wando ba. Ya sunkuya ya sa hannu ɗaya a bayan abokinsa, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ɗaga shi cak don ya tsallakar da shi dokin ƙofar da Ercilia ta sa aka ɗaga saboda ruwan titi. Ercilia ta ga fuskarsa lokacin da ya ji rashin nauyin mutumin da a da shi kaɗai ke jan kwalekwale zuwa tudu.

Suka fito da keken, suka zaunar da Nicanor. Temístocles ya kama ya fara turawa sama, cikin ruwan, yana haki, Yuleidis na biye da su da lema. Ercilia ta tsaya a ƙofa tana kallon bayansu. Ta ji Nicanor yana cewa, "A hankali... ba motar haya... ba ce."

Ranar ba ita kaɗai ta goge ɗaki ba. Matar mai aski ta sauko da bokiti, tsohuwa mai kaji ta zo da tsintsiya. Labarin koren ruwa ya riga ya zaga layi.

Washegari da hantsi ta ji wani sauti daga sama, dum, dum, kamar ana daka a babban turmi. Ta kashe wuta ta hau. Don Temístocles ne ba riga, furfurar ƙirjinsa jiƙe da gumi, guduma a hannu. Ya riga ya fasa gefen murfin tagullar. Baldomero da mutanensa na tsaye da injin yanka siminti suna roƙonsa ya bari su yi, ya ce sai ya cika alkawari tukun. A inuwar rumfa ga Nicanor cikin wata rigar Temístocles da ta yi masa yawa, kofi a hannu, yana duba aiki.

"Ya karkace..." yake cewa. "Kamar... tuƙinka."

"Rufe min baki, matuƙin kwalekwale! Kai da ko birki ba ka taɓa takawa ba!"

Ercilia ta juya ta yi kamar wani abu ya faɗa mata a ido.

Da Temístocles ya gaji ya miƙa wa Baldomero gudumar, ya zo ya tsaya gabanta yana share fuska. "Comadre," ya ce, yana sunkuyar da kai.

"Sa riga, compadre, kada sanyi ya kama ka," ta ce. "Na gode."

Aka fitar da hanyar ruwa har kwatar titi, aka rufe ta da ragar ƙarfe. Jan daɓen ya samu tabo mai tsawo daga tsakiya zuwa ƙofa. Temístocles ya yi ta mita cewa an ɓata masa wuri, amma ranar Lahadi da kansa ya sauko ya tura Nicanor sama, aka kafa masa keke kusa da teburin wasan domino. Da hannun hagu yake wasa, kuma yana cinye su.

Manyan ruwaye sai watan Oktoba. Wata rana da rana tsaka aka yi wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Titi ya zama rafi, kwata ta cika ta tumbatsa, ruwan sama ya zo yana lasar dokin ƙofar Ercilia. Ta zauna a ƙofar banɗaki ta zuba wa rariya ido, kunnenta a kan masai. Ruwa na dukan kwano har ba a jin magana. Ta jira. Ta ƙara jira. Wani ɗan ƙadangare ya fito daga bayan bokiti ya ratsa ta kan rariyar, ya wuce abinsa a busasshiyar ƙasa.

Ta tashi ta leƙa ɗaki don ta gaya wa Nicanor, ta tarar ya yi barci, baki buɗe. Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa runtsawa ana ruwa ba. Ta ja masa mayafi. Ta koma madafa ta sauke tukunyarta daga kan tebur, ta hura wuta, ta fara naɗe bollo ana tsuga ruwa, hawaye na sauka tana sharewa da gefen hannu. Ta kira Marelvis, ta ɗaga wayar sama don ta ji rugugin kwano.

"Kina ji? To girki nake yi."

Da gari ya washe ta ji ba za ta iya zama da wannan godiya a ciki ba. Farar motar ta daɗe da barin layinsu. Ta tambaya aka ce suna can unguwar bayan kasuwa. Ta cika kwando, ta rufe da tsumma mai tsabta, ta bar Nicanor a hannun compadre, ta hau motar haya. Duk hanya tana tsara abin da za ta faɗa, kalma bayan kalma, yadda za ta fara da yadda za ta rufe.

Ta same su a wani lungu, ƙafafunsu cikin taɓo. Mutane sun yi wa Yuleidis zobe. Wata mata mai shagon ɗinki tana nuna ta da almakashi tana cewa ba mai taɓa mata indararo, an daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa. Yuleidis ta rame, muryarta ta dishe, tana ta maimaita bayani ba mai saurare.

Ercilia ta ajiye kwandon a kan motar, ta ratsa taron da kafaɗa.

"Maƙwabciya," ta ce wa mai ɗinkin, "ban san ki ba, ba ki san ni ba. Wa ke zaune a gidan ƙarshe na layin nan?"

Aka dubi juna. Can daga baya wani dattijo mai sanda ya ɗaga hannu a hankali, kamar mai jin kunya.

"To ki sauka gidansa ki sha kofi ranar da ake ruwa," in ji Ercilia. "In kin dawo sai ki yi wa yarinyar nan faɗa."

Aka fara ƙus-ƙus. Mai ɗinkin ta sauke almakashi ta juya tana kallon dattijon, ta ce, "Don Anselmo, wai har cikin ɗaki?" Ya gyaɗa kai. Taron ya koma wajensa.

Yuleidis ta juyo. "Doña Ercilia! Lafiya? Ya sake tasowa ne?"

"Ko ɗigo."

Yarinyar ta sauke ajiyar zuciya, ta jingina da mota ta rufe ido. Ercilia ta buɗe baki za ta fara jawabinta, ta nemi kalmar farko ta rasa. Sai ta kamo hannun Yuleidis da hannuwanta biyu, hannu mai kaushi, da ragowar gam a farce, ta riƙe shi gam a ƙirjinta.

"Allah ya ji daɗin uwar da ta haife ki," ta ce. Ta yaye tsumman kwandon, tururi ya tashi. "Ki ci tun da zafi, kafin ƙaton nan ya gani."

"Na riga na gani, uwata," in ji Baldomero, yana fitowa daga rami.